Tambayar da Dogo Yake Yi Kowace Safiya

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe tara na safe

Likita ce ta ce a sayi littafi a riƙa rubuta wa ɗana Dogo rana da lokacin shan magani. 'Yata Auta ta sayo biyu, wai ɗaya nawa ne. Ban ga abin da mace mai shekara hamsin da takwas za ta rubuta a takarda ba wanda ba za ta iya faɗa wa Ubangijinta a kan sallaya ba. Amma an riga an saya, ni kuwa almubazzaranci ba halina ba ne.

Yau kwana goma sha ɗaya da kawo Dogo asibiti, kwana uku da farfaɗowarsa. Su biyu aka ɗauko daga ɗakin, shi da matarsa. Shi ya tashi, ita ba ta tashi ba. Yana kwance bai san inda kansa yake ba aka kai ta makwancinta.

Ya gane ni. Ya gane ƙanwarsa Auta, har ya ce mata Kunnen-ƙashi kamar yadda ya saba tun suna yara. Ya taka zuwa banɗaki da ƙafarsa. Duk wanda ya shigo sai ya ce an auna arziki. Alhamdu lillahi.

Ya ce, "Umma, ina Gimbiya?" Sunan da ya laƙa wa yarinyar ke nan, ni ban taɓa son sa ba. Na faɗa masa gaskiya. Sai da maza biyu suka riƙe shi.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya da rabi

Ya sake tambaya, da fuskar wanda bai taɓa jin komai ba.

Talata, 5 ga wata, bayan azahar

Sau uku jiya, sau biyu yau. Kowane karo sabon kuka, kamar yanzu aka yi rasuwar. In ya gama kukan ya yi shiru, sai wata ma'aikaciya ta shigo da ma'aunin zafi, ya juya ya amsa gaisuwarta, shi ke nan abin ya goge. Ya taɓa kumatunsa ya ji ruwa, ya ce, "Zufa nake yi ne?"

Auta ta ja ni waje ta ce, "Umma, don girman Allah ki ce masa ta je kasuwa mana."

Na ce ban yi muku ƙarya kuna tsumman goyo ba, ba zan fara da furfura a kaina ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mijin mace yana da haƙƙin ya san matarsa ta rasu, ya yi mata addu'a.

Ta ce, "To Alƙaliya, ai ya sani. Sau biyar ya sani."

Yaran yanzu baki gare su. Wai don tana koyar da 'yan firamare sai ta koyar da ni.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe goma na safe

Likitar ƙwaƙwalwa ta kira mu ofishinta. Yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, da wando da takalmin gudu. Amma ta miƙe ta ba ni kujera, wannan kam an koya mata a gida.

Ta ɗaga hoton kansa a jikin fitila ta nuna wurare biyu da bakin biro. Ta ce, "Mama, can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunne, akwai wani ɗan abu lanƙwasasse kamar ƙaramin yatsa, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Sunansa hifokamfas." Na sa ta rubuta mini, don ba na son a faɗa mini abin da ba zan iya maimaitawa ba. Ta ce hayaƙin injin janareta da suka shaƙa yana hana jini ɗaukar iska, wannan wurin kuwa ya fi sauran saurin lalacewa in iska ta yanke.

Ta ce, "An ce ɗanki tela ne. To aikin wannan abu ma ɗinki ne. Abin da ido ya gani ƙyalle ne daban, abin da kunne ya ji daban, wurin da ake zaune daban, lokacin daban. Shi yake haɗa su ya ɗinke, su zama abu guda da ya faru. In mutum yana son tunawa, da ya kama hannun rigar, shi yake jawo masa sauran. Abin da aka daɗe da ɗinkewa an kai shi ajiya wani wuri, shi ya sa ya san ki, ya san sana'arsa. Watannin nan na baya ɗinkin bai gama kamawa ba, wasu sun warware. Na yau kuwa ƙyallaye ne zube a ƙasa, kafin minti biyar iska ta kwashe."

Na ce zai warke?

Ta ce wasu suna samun sauƙi cikin watanni, wasu ba sa samu, ba za ta yi mini alkawari ba. Na ji daɗin wannan. Ba na son mai zaƙin baki.

Muna fita ta ce, "Mama, ba dole ne duk sanda ya tambaya a ba shi amsar duka ba." Na gane Auta ta riga ni zuwa wajenta. Na ce na gode, Likita.

Ta tambayi inda injin yake a lokacin. Auta ta ce a lungun da ke tsakanin ɗaki da ƙofar baya, ƙofar kuma a rufe. Likita ta rubuta. Ba ta sake tambayar komai ba.

Asabar, 9 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Masu dubiya sun fi majinyata yawa. Kowa da tasa fatawar. Matar mai shagon ƙofar gida ta ce ai wannan sakaci ne, wa yake kwana da inji a cikin gida. Ita da aka sace nata sau biyu a bara, ta cika unguwa da kururuwa. Mutum ya iya bakinsa ma ibada ce.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An sallame mu. Kwana goma sha ɗaya a farke a wannan ɗaki, bai taɓa gane hanyar banɗaki ba sai an nuna masa. Amma da motar ta shigo layinmu, shi ya ce wa direba ya kauce wa ramin da ke gaban gidan mai walda. Ramin ya fi shekara goma a wurin.

Na sa shi a ɗakinsa na samartaka, kusa da nawa. Sashen baya, inda suka zauna shekara biyu, na sa kwaɗo. Ya tsaya a gaban ƙofar ya ce, "Wa ya kulle mana ɗaki? Gimbiya ta fita da makulli ne?"

Na faɗa masa.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Sau ɗaya tukuna.

Juma'a, 15 ga wata, bayan la'asar

Auta ta sa an fito da tsohon keken ɗinkinsa na ƙafa, an ajiye a falo kusa da taga. Ta kawo yadi ta ce, "Yaya Dogo, riga nake so, kuma ba ni da ko sisi."

Ya ce, "Da ma yaushe kika taɓa biya? Juyo nan, Kunnen-ƙashi. Kin ƙara ƙiba, abincin yaran makarantar kike cinyewa ko?"

Ya auna ta. Ya ajiye tef ɗin ya ɗauki almakashi, ya sake cewa ta juyo ya auna. Sau uku ya auna ta, sau uku ya yi mata maganar ƙiba, ita kuma tana ba shi amsa daban kowane karo don kada ta gaji. Amma da ya sa ƙafa a kan keken, hannun nan bai manta komai ba. Ɗinki miƙaƙƙe kamar an ja da rula. Ya sa wuya, ya sa hannu, ya juya rigar ya ce, "Wannan ta wace ce? Mai ita dai akwai jiki."

Auta ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ban ga abin dariya ba.

Bai san ya sayi injin ba. Na gwada shi. Ya ce yana dai tara niyya, saboda ɗaukewar wuta tana ɓata masa aiki. Wata biyu da sayensa.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Yana tuna ranar da na kama shi ya gudu daga makaranta yana ɗan shekara tara, ya ce mini malami ne bai zo ba. Na ja shi da kunne har gaban shugaban makaranta, na sa ya faɗi da bakinsa a gaban 'yan ajinsu. Yau ya ba Auta labarin, har kalar ɗankwalin da na ɗaura. Ya ce, "Umma ai ko wuƙa aka sa mata a wuya ba ta ƙarya."

Ban yi nadamar wannan rana ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sau huɗu yau. Muryata ta fara dishewa.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na samo dabara. Likita ta ce abin da aka rubuta yana tsaya masa a madadin abin da ya lalace. Littafin maganinsa yana aiki, yana dubawa ya ga ya sha ko bai sha ba. To na ɗauki farar takarda na rubuta da manyan baƙaƙe: ranar da matarsa ta rasu, dalilin rasuwar, inda aka binne ta, da addu'ar da zai yi mata. Na sa hannu a ƙasa don ya san ba wasa ba ne. Na liƙa a jikin keken, daidai inda idonsa yake sauka.

In yana gani kullum, dole wata rana ya zauna. Haka muka haddace jadawalin lissafi, da maimaici. Ni kuma na huta da faɗa.

Zan je kasuwa. Auta tana makaranta sai ƙarfe ɗaya.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Auta ta riga ni dawowa. Ta same shi a ƙasa, tsakanin keken da bango.

Matar mai shago ta ce tun ƙarfe tara take jin ihu, ya yi shiru, ya sake tashi, ya yi shiru, ya sake tashi. Ta daina ƙirgawa a na goma sha ɗaya. Ta buga ƙofa, ni kuwa da ma na kulle ƙofar ta waje don kada ya fita ya ɓata.

Yana ɗaga kai ya karanta. Ya yi kuka ya kifa kai. Ya manta. Ya ɗaga kai.

Allura ta shiga ɗan yatsansa ta fita, bai sani ba.

Auta ta yayyaga takardar a gabana, ta zuba mini a cinya. Ta juya ta fice. Gara ta zage ni.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Niyyata mai kyau ce. Allah yana duba niyya.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na kai masa shayi. Ya ce, "Ajiye a nan, Umma," ya nuna can ƙarshen tebur. Bai sha ba har ya huce. Auta ta ɗumama wannan shayin dai ta miƙa masa, ya shanye.

Ya tambayi Auta, ba ni ba. Ban ji abin da ta ce masa ba. Ban tambaya ba.

Asabar, 23 ga wata, bayan azahar

In na shigo falo ƙafarsa tana tsayawa a kan keken. In na fita sai in ji ya ci gaba. Na gwada sau uku. Yana gaishe ni da ladabi, yana durƙusawa kamar kullum, amma idonsa yana kan ƙofa.

Na ji shi ta taga yana ce wa Auta, "Ke, na yi wa Umma wani laifi ne? Da na ji takunta sai gabana ya faɗi."

Ta ce, "Ai duk unguwar nan ba wanda gabansa ba ya faɗuwa in ya ji takun Alƙaliya. Har karnuka."

Ya yi dariya kaɗan. Ya ce, "A'a. Wannan daban ne."

An wuce da babur ta ƙofar gida, warin mai ya shigo kicin. Nan take komai ya dawo mini. Hadarin da ya haɗo, yarinyar tsaye a bakin lungu da bokiti, zanenta mai ruwan ƙasa, abin da ta ce, abin da na ce. Duka, a ɗinke, ba zare ɗaya da ya warware. Nawa hifokamfas ɗin lafiyarsa ƙalau.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe sha biyu na rana

Mun koma ganin likita. Ta gaya masa kalmomi uku, ta sa shi ƙirga baya, ta tambaye shi kalmomin. Ya ce, "Waɗanne?" Ta duba ɗan yatsan ta tambayi Auta. Auta ta faɗi komai, har takardar.

Ta sa su fita, ta bar ni. Na zaci faɗa za ta yi, na shirya amsa. Ba ta yi ba.

Ta ce, "Mama, maimaici ba zai dasa masa labarin ba, domin mai ɗinkin ne ba ya nan. Amma a maƙwabtansa akwai wani ɗan wuri mai riƙe tsoro, shi hayaƙin bai taɓa shi ba. Labarin yana tafiya, ciwon yana zama. Kuma wannan wurin yana koyo. Ya koyi fuskar da ciwon yake biyowa."

Na ce wato ni.

Ta ce, "Ba zai iya gaya miki dalili ba. Jikinsa ne ya sani."

Na ce to a ce na daina, zai goge?

Ta ce yana iya raguwa a hankali, in ya daɗe yana ganina ba tare da wani abu ya biyo baya ba. In kuma aka ci gaba, za a kai inda ba zai iya zama ɗaki ɗaya da ni ba.

Na ce, Likita, ƙarya kike so in yi wa ɗana.

Ta ce, "Ni aikina in gaya miki yadda kansa yake. Sauran ke kika haife shi."

Laraba, 27 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Uwar yarinyar ta zo kwashe kayanta. Ta rame, gyalen kamar a jikin ƙusa aka rataye. Na so in shigar da ita ta ƙofar baya, amma ya riga ya gan ta. Ya tashi da murna har ya ture kujera.

"Mama! Ashe kina tafe. Gimbiya wajenki ta je ne? Tun safe nake nemanta."

Na buɗe baki. Matar nan ta riga ni. Ko ƙifta ido ba ta yi ba, ta ce, "Tana wajena, ɗana. Ni na riƙe ta, ina da aiki. Ta ce a gaishe ka, kuma ka ci abinci."

Ya ce, "Ai na sani. In ta je gida sai an aika da mota. Ki ce mata rigarta saura maɓalli."

Ta ce, "Zan gaya mata."

Ya ci shinkafa faranti biyu. Rabonsa da haka tun kafin abin.

Na buɗe mata sashen baya muka shiga. Injin yana nan a lungu, an rufa masa buhu. Ta naɗe zannuwa ina miƙa mata. Na ce, abin da kika gaya masa bai dace ba, duk da na san zafi ne. Ta ci gaba da naɗewa. Can ta ce, "'Yata ce. Ni na wanke ta ranar da ta zo duniya, ni na rufe mata ido. In na ce tana wajena, wa zai ƙaryata ni?"

Da za mu fito ta tsaya a kan injin. Ta ce, "Ta taɓa gaya mini a waya warin yana sa ta ciwon kai. Na ce ta faɗa wa mijinta a fitar da shi waje. Ban san ko ta faɗa ba."

Na ce Allah ya jiƙanta.

Ta ce amin.

Alhamis, 28 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ban yi ƙarya ba. Ba ta tambaye ni ba.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

An sace na mai shago sau biyu. An sace na mai walda. Ruwa kuma yana shirin sauka. Kowace uwa mai hankali abin da za ta ce ke nan.

Juma'a, 29 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Auta tana makaranta. Na zauna a gabansa, na ce ya tsayar da keken. Na gaya masa matarsa ta rasu. Sannan na gaya masa ɗaya maganar, wadda ban gaya wa kowa ba. Cewa ta faɗa. A gabansa ta faɗa, shi kuma ya sunkuya zai ja injin waje, ni na ce a bar shi a ciki a rufe ƙofa, 'yan matan yanzu ba su da juriya, ɗan wari ba ya kisa.

Bai yi ihu ba wannan karon. Ya dube ni ya ce, "Ke, Umma?"

Na ce ni.

Ya daɗe yana kallona. Na ce ka yafe mini. Leɓensa yana motsi, ina jira. Sai mai gyaran takalmi ya wuce yana kiran sana'arsa, ya juya ya dubi taga. Da ya juyo ya ce, "Ina almakashina?"

Na miƙa masa. Ya ja da baya har kujerar ta bugi bango.

Asabar, 30 ga wata, ƙarfe tara na safe

Ya sa sakata a ɗakinsa. Bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Auta ta yi ta lallashi ta ƙofa, ya ce shi ma bai san dalili ba, a dai bar shi.

Asabar, bayan la'asar

Bai ci komai ba. Auta ta same ni a kicin ta ce, "Me kika yi masa jiya?"

Na gaya mata. Duka.

Ta jingina da bango. Ta ce, "Na sani, Umma. Ina tsaye a tsakar gida ranar, ina kwashe shanya. Na ji ki."

Wata guda tana kallona ina yi wa mutane wa'azi.

Ta ce, "Kin rasa wanda za ki sauke wa sai wanda ba zai iya riƙewa ba? Kin zaɓi mai mantuwa don ki faɗa ki huta, gobe ba mai tuna miki. Shi kuma ki bar shi da dafin."

Na ce ki iya bakinki, ni na haife ki.

Ta ce, "Shi ma ke kika haifa. Na yi magana da maigidana. Ranar Juma'a, in har yana nan yadda yake, zan ɗauke shi ya koma wajenmu. Ba zai gane hanyar banɗaki ba a can, amma zai ci abinci."

Lahadi, 31 ga wata, ƙarfe goma na safe

Ya fito da na shiga ɗaki. Ina jin keken ta bango. Na zauna a bakin gado har azahar don kada ya tsaya.

Talata, 2 ga sabon wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na je gidan uwar yarinyar. Mota biyu na hau. Na ƙi zama a kujera, na zauna a ƙasa na gaya mata amsar abin da ba ta tambaya ba.

Ita ba za ta manta ba. Shekara ashirin ma in ta ƙara a duniya, tana da shi a ɗinke.

Ba zan rubuta abin da ta ce ba. Ba ta raka ni ƙofa ba, kuma tana da gaskiya.

Laraba, 3 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na haɗa shayi na tsaya a ƙofar falo na fi minti goma. Na juya na ba Auta.

Alhamis, 4 ga wata, ƙarfe takwas da kwata na safe

Gobe Juma'a. Auta ta riga ta haɗa masa jaka, tana bayan ƙofa.

Na ce mata yau ni zan kai. Ta biyo ni ta tsaya a bayana, kamar mai gadin fursuna.

Ƙafarsa ta tsaya a kan keken. Ya gaishe ni, idonsa a ƙofa. Na ajiye kofin kusa da hannunsa, ba a ƙarshen tebur ba. Ya leƙa bayana, ya leƙa tsakar gida. Na san tana zuwa.

"Umma, ina Gimbiya?"

Na ce, "Tana wajen uwarta."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Aiki ne ya riƙe ta."

Ya dube ni sosai, rabon da ya haɗa ido da ni tun wancan makon. Ya ce, "Wallahi gabana ne yake ta faɗuwa, kamar wani abu ya faru."

Na ce, "Ba abin da ya faru. Sha shayinka."

Ya sauke numfashi. Ya ce, "To. Da Kunnen-ƙashi ce ta faɗa da sai na bincika. Amma tunda ke kika faɗa."

Auta ta fita da sauri. Na ji ta buɗe famfo a kicin ta bar shi yana zuba.

Ya sha rabi.

Juma'a, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Auta ta tafi gidanta ita kaɗai. Ta bar jakar a bayan ƙofa, ba ta kwance ba. Ta ce za ta ga yadda mako zai kasance.

Sau huɗu ya tambaya yau. Sau huɗu na ce tana wajen uwarta. Bayan kowanne na shiga ɗaki na yi istigfari, na fito.

Har yanzu idonsa yana kan ƙofa in na miƙa masa kofi. Amma ya karɓa.